Malama, ki nuna musu zanen kafin ki ba su tarihin mai zanen

Wata malamar firamare a cikin birnin Kano ta aiko da tambaya. An ɗora mata shirya ɗan gajeren bidiyo da za a haska wa 'yan aji huɗu zuwa shida ranar bikin ƙarshen zango, a kan rayuwar wata mace da ta shiga harkar zane tun lokacin da ba a saba ganin mata a ciki ba. Ta duba intanet, duk matan Turai da Amurka take cin karo da su. Tana so ta san wa za ta zaɓa, yadda za ta ba da labarin ba tare da yara sun ƙosa ba, da kuma abin da za ta ce wa iyayen da ke ɗari-ɗari da zane.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Ba sai kin tsallaka teku neman wadda za ki nuna musu ba. Akwai wadda aka haifa a nan Kano, sunanta Clara Etso Ugbodaga-Ngu. Duk wanda ya karanci tarihin zanen zamani a Najeriya ya san da zamanta, amma a garin da aka yanke mata cibiya da wuya ki ji an ambace ta. Na daɗe ina koyar da zane, ina kuma horar da malaman da za su je su koyar da shi, kuma in na kira sunanta a aji sai in ga ana kallon-kallo. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ji daɗin tambayarki.

Ga abin da ya kamata ki riƙe na tarihinta. An haife ta a Kano a shekarun 1920, iyayenta 'yan kudu ne. Ta yi aikin koyarwa a makarantun mishan daga 1945 zuwa 1950. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ba ta tallafin karatu, ta tafi Landan ta shiga makarantar zane ta Chelsea, inda ta yi shekara huɗu. Bayan nan ta ƙara da diflomar koyar da zane a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. A 1955 ta dawo gida ta kama koyarwa a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya da ke Zariya, wadda a 1962 ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuma zauna a can har 1964. A 1958 aka baje kolin zanenta ita kaɗai a zauren Cibiyar Ƙasashe Renon Ingila da ke Landan, abin da wata mace 'yar Najeriya ba ta taɓa samu ba kafin ita. Sunan Ngu na mijinta ne, Victor Anomah Ngu, likitan tiyata ɗan Kamaru da ya koyar a Jami'ar Ibadan, daga baya ya zama ministan lafiya a ƙasarsa. A Kamaru ta ƙarasa rayuwarta.

A cikin duk wannan, zaman Zariya shi ne inda nake so ki tsaya ki yi tunani. A shekarar da ta isa ne aka ɗauko sashen zane daga Ibadan aka kawo shi Zariya, malaman sashen kuwa Turawan Ingila ne. Ita ce 'yar Najeriya ta farko da ta koyar a wurin, ba a cikin mata kawai ba, har da maza. Ki dubi ɗaliban da suke sashen a shekarun da take koyarwa: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke. Su ne a 1958 suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, suka ce sun yarda su koyi dabarun Turawa amma ba za su yar da na gida ba, za su haɗa biyun. Yau babu littafin tarihin zanen Najeriya da ba ya cike da sunayensu. Uche Okeke ya koma ga zanen uli, wanda matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya gina aikinsa a kai. Waɗannan samari kullum in sun shiga sashen suna ganin baƙar fata 'yar ƙasarsu a tsaye cikin malamai, ta yi karatun da Turawan suka yi, tana riƙe da irin takardar da suke riƙe da ita. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne ga saurayin da ke neman ƙarfin halin cewa zanen ƙasarsa ya kai a koyar da shi. An yi ta yabon ɗaliban, malamar kuma aka bar ta a gefen shafi.

Kafin in zo kan yadda za ki tsara bidiyon, akwai wuraren da nake jin tsoron ƙafa ta zame. Na farko, kada ki mayar da ita Bahaushiya don labarin ya fi daɗi. Ki gaya wa yara gaskiya: haifaffiyar Kano ce, iyayenta baƙi ne da suka zo daga kudu, kamar dubban da jirgin ƙasa ya riƙa kawowa tun da layin dogo ya iso Kano a 1911. A ajinki ma za ki samu yaran da kakanninsu daga wani wuri suka zo, su ma na Kano ne, kuma za su ji daɗin jin haka daga bakin malamarsu. Na biyu, ki yi hankali da kalmar "ta farko". Ki faɗi a me ta zama ta farko, kamar yadda na zayyana miki a sama. Kada ki ce ita ce mace ta farko da ta yi zane a Najeriya, domin yarinyar da kakarta ke zanen ƙwarya, ko yayarta ke zanen lalle a gidan biki, ta san ba haka ba ne. Mata sun daɗe suna zane a ƙasar nan. Abin da Clara ta yi shi ne ta kai hannun mace inda a da ba a ba shi wuri ba: ajin kwaleji, zauren baje koli, da littafin tarihi.

Na uku shi ne ya fi yawa, kuma shi ya fi ɓata mini rai. Masu shirya wa yara tarihi suna son su ƙirƙiro yarinta. Sai a sa wata 'yar yarinya ta tsuguna tana zane a ƙasa da tsinke, uba ya fito ya daka mata tsawa, ta shige ɗaki tana kuka, sai ga kiɗan tausayi. Kada ki yi. Wannan ƙazafi ne ga iyayen da ba su nan balle su kare kansu, kuma yana koya wa yara cewa ba a cin nasara sai an yi faɗa da na gaba. Abin da aka tabbatar na rayuwarta ya ishe ki. Mace ta yi shekara biyar tana koyarwa, ta bar gida ta tafi ƙasar sanyi a lokacin da yawancin ɗalibai jirgin ruwa suke shiga daga Legas zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako biyu a kan teku, ta yi karatu shekara biyar, ta dawo ta koyar da waɗanda suka zama manyan masu zanen ƙasar. Wane ƙarin gishiri wannan yake bukata?

To, yanzu babbar shawarata, wadda in kin manta komai ki riƙe ta. Kada ki buɗe da "an haife ta a shekara kaza". Yaro ɗan shekara tara ba ruwansa da 1950, bai san bambancinta da 1850 ba, kuma bai damu da mutumin da bai ga aikinsa ba. Gani ya kori ji. Ki buɗe da zanen kansa, ya cika allon majigi, babu magana, babu kiɗa, na kusan rabin minti. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ta yi a 1960 mai suna "Abstract", yana cikin tarin kayan fasaha na Jami'ar Birmingham a Ingila, kuma in kin rubuta sunanta da sunan zanen a intanet za ki same shi. Irin zanen nan ne da ba ya kwaikwayon surar mutum ko dabba, siffofi ne da launuka suka shiga juna. Tana da wasu da suka ɗauko rayuwar mutane, kamar "Market Women" na 1961, wato matan kasuwa, da "Beggars" na 1963 a kan mabarata, da "Dancers" na 1965 a kan masu rawa. Waɗannan ki ajiye su zuwa gaba, zan gaya miki dalili.

Bayan shirun, sai murya ta yi tambaya ɗaya: "Me kuke gani?" A nan ki tsayar da bidiyon, ki juyo ki fuskanci yaran. Wannan tsayawar ita ce zuciyar shirin, ki sa ta cikin tsarin tun farko, ki gaya wa mai kula da majigi. Duk wanda ya ba da amsa, ki bi shi da tambaya ta biyu: "Me ka gani da ya sa ka ce haka? Zo ka nuna mana." Sannan ta uku: "Wa ya ga wani abu daban?" Kada ki ce wa kowa ya yi daidai, kada ki ce ya yi kuskure. Ki maimaita abin da yaron ya faɗa da kalmomi masu kyau don na baya su ji, ki wuce ga na gaba.

Na taɓa yin haka da 'yan aji biyar a wata makaranta a cikin gari, da takarda babba da na bugo mai launi na manna a allo. Da farko shiru, suna jira in gaya musu amsar da za su haddace, domin haka suka saba. Can wani yaro daga baya ya ce, "Malama, ai bai gama ba." Aji ya fashe da dariya. Na ce ya zo ya nuna mini inda ya rage. Ya fito yana jan ƙafa, ya kai yatsa wani gefe, ya tsaya, ya matsar da yatsan wani gefen, ya rasa inda zai ce an bari. Sai wata yarinya siririya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce ita kamar rufin gidaje take gani, irin in mutum ya hau Dala ya leƙo ƙasa. Daga nan kowa ya samu baki. Wani ya ga ƙyallayen tela a zube, wata ta ga fasasshiyar tukunya. Sai da suka yi minti goma suna gardama sannan wata ta tambaya, "Wai wa ya zana?" Da na ce mace ce, kuma a Kano aka haife ta, sai da ajin ya ɗauki sowa. Tambayar nan da ta fito daga bakin yarinyar ita nake so ki jira. In su suka nemi labarin, za su saurara har ƙarshe.

Daga nan bidiyon ya ci gaba da tarihin, amma gajere. Duka shirin kada ya wuce minti bakwai ko takwas in an cire tsayawar. Ki ɗauko shi da wayarki, ya wadatar, muddin kin kafa ta a wuri ɗaya ba ta rawa, kin kuma naɗi muryar a ɗakin da babu ƙarar janareta ko ta adaidaita sahu. Hotunan da za su raka labarin suna nan kusa da ke. Ki je tashar jirgin ƙasa ki ɗauko layin dogo, don bayanin yadda baƙi suka cika Kano. Ki je Gidan Makama, akwai tsofaffin hotunan birni da za su nuna wa yara yadda garin yake a zamanin da aka haife ta, ki nemi izinin ma'aikata kafin ki ɗauka. Ki biya Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a unguwar a 1909. Makarantar ta maza ce. Sai wajajen 1930 gwamnati ta fara buɗe wa 'yan mata nasu azuzuwan a Kano da Katsina. Wannan bayani ɗaya ya isa yaro ya gane irin zamanin da ake magana a kai, ba sai kin yi dogon wa'azi kan karatun mata ba. Tafiya Landan kuma taswira ce maganinta. Ki sa hannun yaro yana bin hanya da yatsa daga Kano zuwa Legas, ya bi gaɓar teku har Ingila, ya dawo Zariya. Shekaru uku kacal za ki rubuta a allo: 1950, 1955, 1958. Saura ki bar su a littafinki. Don su kama nisan lokacin, ki ce musu duk wannan ya faru kafin Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, su je gida su tambayi kaka ko an haife ta a lokacin.

Wani abin da ke taimakawa, in kin samu takardar naira 20 ki riƙe ta a hannu. A bayanta akwai Ladi Kwali tana ginin tukunya, Bagwariyar da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Sa'o'in juna ne ita da Clara, ɗaya ta bi ta hanyar sana'ar gado, ɗaya ta bi ta makaranta. Ki ambace ta da jimla biyu kawai, kada ta cinye shirin, domin ita yara za su sake haɗuwa da ita a littafin makaranta.

In bidiyon ya ƙare yaran suka tashi suka tafi haka nan, rabin aikin kika yi. Dole hannunsu ya taɓa launi a ranar, ko washegari. Na san abin da za ki ce, babu kuɗin fenti ga yara sittin. Ba ki bukatarsa. Ki jiƙa ƙaro a ruwa ya kwana, da safe ki tace da ƙyalle, shi ne zai riƙe launin a takarda, kamar yadda yake riƙe tawadar allo. Ki tankaɗe jar ƙasa da rariya mai laushi, ki daka gawayi, ki kankare alli, ki samo bula ta wanki da garin gangamau, kowanne ki dama shi da ruwan ƙaron a murfin roba. Kin samu ja da baƙi da fari da shuɗi da rawaya ke nan. Buroshi kuwa, asuwaki ne za a daddaka bakinsa har ya yi gashi. Takarda, bayan tsohuwar kalanda ko kwalin da masu shago ke yarwa, duka suna yi.

Sai zoɓo, wanda shi ne ke sace zuciyar yara. Ki dafa shi da kauri, babu sukari, ki raba kofi uku. Na farko ki bar shi yadda yake. Na biyu ki matsa lemon tsami, zai ƙara haske ya yi ja jawur. Na uku ki ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan a gabansu, za su ga jan ya juye ya koma shuɗi-shuɗi, in kin ƙara ya doshi kore mai duhu. Gangamau ma in ya haɗu da kanwa daga rawaya yake komawa ja mai ƙasa-ƙasa. Ki bar yaro ɗaya ya ɗiga da hannunsa, saura su zagaye teburin. Ranar da na yi wannan, yaron da ya ce zanen bai gama ba shi ne ya ƙi tashi daga teburin har aka kaɗa ƙararrawa, yana ta gwada ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, yana shafawa a gefen kwali don ya ga inda launin ke juyawa. Sai dai ki sani launin zoɓo da na gangamau ba sa jure rana, suna koɗewa. Ki shanya zanen a inuwa, ki ɗauke su hoto a ranar.

Aikin da za ki ba su shi ne kowa ya zana unguwarsu, ko kasuwa, ko ranar sallah, amma da siffofi da launuka kawai, babu mutum babu dabba. Kada ki ce su kwafi zanen Clara. Kwafi shi ne ciwon darasin zane a makarantunmu, malami ya zana kofi a allo, yara sittin su zana kofi iri ɗaya, a ba wanda ya fi kama da na malam maki goma. Ki bar su su nemo yadda za a nuna cunkoson Kasuwar Kurmi da layuka, ko ramukan rini na Ƙofar Mata da da'irori. Kuma kada ki ba da maki a wannan ranar.

Yanzu maganar iyaye. Wannan damuwa ce ta gaske, kada ki ɗauke ta jahilci, kada kuma ki yi musu da kowa a gaban yara. Akwai hadisai ingantattu masu tsanani a kan yin surar abu mai rai, malamai sun yi bayani mai yawa a kan iyakarsu, kuma fatawa tasu ce, ba tawa ba ce, ba taki ba ce. Abin da ke hannunki shi ne ki tsara shirin ta yadda uban da ya fi kowa tsantseni zai iya zama ya kalla da ɗansa hankali kwance. Dalilin da ya sa na ce ki fara da zanen 1960 ke nan, na kuma ce aikin yaran ya zama babu mai rai. In kina son nuna na matan kasuwa, ki sanar da hedimasta tun da wuri, ki kuma shirya shirin yadda za a iya cire wannan ɓangaren ba tare da ya rushe ba. Ki tuna wa iyaye cewa zanen da ba ya kwaikwayon sura ba baƙo ba ne a garin nan. Zayyanar allon sauka, dagin da magina ke yi a goshin soro, aska takwas a kan babbar riga, ɗinkin hula, duk siffofi ne da aka tsara da ido da lissafi. Ban ce su da zanen Clara abu ɗaya ba ne, ita fenti ta koya a makaranta da nata ƙa'idojin, su kuma sana'o'i ne da ke da nasu malaman. Amma idon da ya saba da waɗancan ba zai sha wahalar shiga wannan ba. In za ki iya, ki gayyato mai zayyana ko wata mai zanen lalle daga cikin iyayen, ta zauna da yara lokacin aikin hannu. Uwar da aka karrama a makaranta saboda sana'arta, ita ce za ta kare miki shirin a gidan biki.

Game da matan ƙasashen waje da kika gani, ba laifi yara su san su a wani zangon, amma ki kalli komai da kanki tukuna. Frida Kahlo ta Meziko, wadda aka fi yi wa shirye-shiryen yara, da yawa daga zanenta akwai tsiraici da jini, ba su dace da ajinki ba. In kina son na biyu bayan Clara, ki duba Safeya Binzagr ta Jidda, wadda aka haifa a 1940. Ita da Mounirah Mosly suka baje kolin zanensu a wata makarantar 'yan mata a Jidda a 1968, lokacin da babu zauren nuna zane a garin, daga baya ta buɗe gidan adana ayyukanta a can. Tsofaffin gine-ginen Jidda da tufafin matan Hijaz ta yi ta zanawa don kada su ɓace, kuma iyayen da suka je aikin hajji za su gane wuraren. Akwai kuma Baya ta Aljeriya, marainiyar da aka nuna zanenta a Paris a 1947 tana da shekara 16. Su biyun sun zana mutane, don haka shawarar da na ba ki a sama ta hau kansu.

Ki kula da haƙƙin mallaka. Nuna hoton zanen a cikin makaranta don koyarwa abu ne daban da ɗora shi a YouTube ko miƙa wa gidan talabijin. Dokar Najeriya tana kare aikin mai zane har shekara 70 bayan rasuwarsa, aikin Clara kuwa bai fita daga wannan kariya ba. In bidiyon zai fita waje, ki rubuta wa masu riƙe da zanen ki nemi izini, ki kuma sa sunanta da sunan inda yake a ƙasan hoton. Fuskokin yara ma haka, kada ki sa ɗan kowa a intanet sai da yardar iyayensa. Hannuwansu kawai suna zane ya isa, ya ma fi kyau a kallo.

Bayan bikin, a cikin sittin ɗin za ki ga biyu ko uku da abin ya kama da gaske. Za ki gane su, su ne za su zo miki da takardu a naɗe cikin jaka mako guda bayan kowa ya manta. Ki rubuta sunayensu. Ki samu iyayensu ki gaya musu ƙarara cewa yarinyar nan tana da hannu, kuma akwai hanya: ana ɗaukar darasin zane a jarrabawar WAEC da NECO, ana karanta shi a tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Kano, wadda ta koma jami'ar ilimi, sashen da Clara ta koyar kuma yana nan a Samaru har yau yana ba da digiri, tafiyar da ba ta fi awa biyu zuwa uku ba daga tashar Unguwa Uku. Ki nuna musu inda ake cin abinci da shi, domin tambayar da uba zai fara yi ke nan: tsara zanen atamfa da mayafi, zanen littattafan yara, tambarin kamfanoni, kwalin kayan sayarwa, da koyarwa. Sannan in yaran za su wuce sakandare, ki ba kowace takarda ta kai wa malamin zane na can, ki haɗa da hotunan aikin da ta yi a ajinki, don kada a jefa ta ajin da babu darasin.